Kafin Mu Yi Wa Alƙalan Gahawa Dariya

A zuwana gida na ƙarshe, wata safiya a teburin wani mai shayi a Anka, wani saurayi ya miƙa mana wayarsa yana ƙyalƙyala dariya. Bidiyo ne na wasu manyan mutane, maza da mata, sun kewaye dogon tebur da aka jera wa ƙananan kofuna. Kowa da cokali a hannu ɗaya, takarda a ɗaya hannun. Mutum zai ɗebo gahawa a cokali, ya zuƙe ta da ƙara kamar mai shan kunu da zafi, ya juya ta a baki, ya tofar, sannan ya rubuta lamba. Wani dattijo da ke gefena ya ce ƙoshi ne ke damunsu. Wani kuma ya ce mu muna neman abin da za mu haɗiye, su suna tofarwa. Kowa ya dara, har da ni.

Da yammacin ranar na isa wajen kawuna a yankin Dareta, na tarar ana casar riɗinsa a kan dandariyar ƙasa. Na san shi da tsantseni. A da sai ya shimfiɗa tamfol, a kakkaɓe a kai, a sheƙe sau biyu, a tsince tsakuwa. Na tambaye shi abin da ya canja, sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, mi za ya sa in wahal da kaina? Mai tsabta da mai ƙasa, in an kai kasuwa duk kuɗi guda na.”

Tun daga ranar dariyar nan ta teburin mai shayi take ba ni kunya. Ra’ayina shi ne mutanen da muka yi wa ba’a suna yin wani aiki da rashinsa ke talauta manominmu kowace kaka, kuma duk da aibun da ke cikin tsarinsu, wanda zan zo kansa, sun fi mu adalci ga mai noma nesa ba kusa ba.

Bari in fara da abin da suke yi ɗin, domin yawancin masu dariyar ba su taɓa tambaya ba. (Zan riƙa cewa gahawa, saboda kalmar kofi a bakinmu ta haɗa abin sha da abin da ake sha a ciki.) Gahawar duniya kashi biyu ce a kasuwa. Akwai ta gama-gari, wadda ake sayarwa buhu-buhu bisa farashin da ake yankewa a kasuwannin New York da Landan. Akwai kuma ta musamman, wadda ake saye saboda ɗanɗanonta, kuma a bisa ƙa’idar da ƙungiyar masu wannan sana’a, SCA, ta daɗe tana aiki da ita, gahawa ba ta shiga wannan sahu sai ta sami maki 80 cikin 100. Kafin ma a kai ga baki, ana ɗibar giram 350 na ɗanyen ƙwaya a baje, a ƙirga baƙaƙe da ruɓaɓɓu da waɗanda ƙwari suka huda. Sannan a soya samfurin sama-sama, don kada ƙauri ya rufe asirin ƙwaya marar kyau. A auna giram 8.25 na gari ga kowane mililita 150 na ruwa, ruwan kuma zafinsa ya kasance wajen digiri 93. Ba madara, ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Bayan kamar minti huɗu, alƙali ya sunkuya ya fasa kumfar da ta taru a sama da cokali yana shaƙar ƙamshin, a kwashe ta, a jira ya ɗan huce, sannan a fara kurɓar nan mai ƙara. Ƙarar tana da dalili: zuƙa da ƙarfi ce ke fesa ruwan a duk faɗin harshe ta tura ƙamshin zuwa hanci ta ciki. Tofarwar ma haka, domin wanda zai ɗanɗana kofi hamsin ko ɗari kafin azahar, idan ya haɗiye, hannunsa ma ba zai iya riƙe alƙalami ba.

Kowane samfuri kofi biyar ake haɗa masa, kuma wannan ne ya fara jan hankalina. A Ruwanda da Burundi akwai wani lahani da ake dangantawa da wani ƙwaro mai huda ’ya’yan gahawa, inda ƙwaya guda tak kan sa kofi ya yi warin ɗanyen dankalin Turawa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji Bahaushe, to su sun mayar da karin maganar ƙa’idar aiki: idan kofi ɗaya cikin biyar ya bambanta da ’yan’uwansa, an rage maki. Tsohuwar takardar makin tana da gurabe goma, daga ƙamshi da ɗanɗano da tsami da kauri a baki, zuwa abin da ke saura a maƙogwaro bayan an tofar, kuma ana bayar da maki har da rubu’i-rubu’i.

Amma duk wannan ado ne idan aka kwatanta shi da abu guda: alƙali bai san gahawar wa yake sha ba. A gasar da ta fi kowace suna, Cup of Excellence, wadda aka fara a Brazil a 1999, wani mai binciken kuɗi ne daga waje yake karɓar samfuran, ya cire sunaye, ya liƙa lambobi, ya riƙe takardar sirrin har a gama. Alƙalan cikin ƙasa su fara tacewa, na ƙasashen waje su zo su ɗora, ana maimaita ɗanɗana gahawa ɗaya zagaye bayan zagaye. Waɗanda suka tsallake sai a yi gwanjonsu a intanet, masu saye daga Japan da Koriya da Amurka da Turai su yi ta tayi. Ruwanda ce ta fara karɓar gasar a Afirka, a 2008. Habasha, mahaifar gahawa, sai a 2020 ta yi tata ta farko. An shigar da samfura fiye da 1,400, kuma wadda ta zo ta ɗaya ta wani manomi ce daga yankin Sidama. Ta sami maki 91 da ɗoriya, aka saye ta dala 185 kowace laba, wato abin da bai kai rabin kilo ba, a lokacin da labar gahawar gama-gari take wajen dala ɗaya.

Mai karatu, ka tsaya a nan ka yi tunanin kasuwar garinku. Manomin nan na Sidama ba ɗan sarki ba ne ya tsaya masa. Bai san kowa a cikin alƙalan ba, kuma da ya sani ma ba zai amfane shi ba, tunda lamba suka gani. Yanzu ka kawo manomin Bukkuyum da buhun wakensa. Dillali zai zura hannu, ya damƙo, ya watsa a tafi, ya taɓe baki. Kafin ya dubi waken ya riga ya dubi mai shi: ya ga rigarsa, ya san an kusa sallah ko matarsa ta kusa haihuwa, ya san ba shi da kuɗin motar mayar da kaya gida. Shi ne alƙali, shi ne mai awo, shi ne wakilin mai saye, kuma la’adarsa tana ƙaruwa ne da yawan abin da ya wuce ta hannunsa. Ba na cewa dillalai mugaye ne. Ina da ’yan’uwa a cikinsu, kuma ba don su ba da kayan ƙauye da yawa ba su isa Dawanau ba. Abin da nake cewa shi ne mun ɗora wa mutum ɗaya shari’ar da yake da rabo a cikinta, sannan muna mamakin hukuncin.

Sakamakon kuwa shi ne abin da kawuna ya faɗa a taƙaice. Inda mai kyau da marar kyau farashinsu ɗaya, mai tsabta tara ake cin sa. Tiyarsa ta fi ta maƙwabcinsa wahala, ƙasar da maƙwabcin ya bari a ciki kuma nauyi ce da za a biya shi kuɗinta. Shekara ɗaya zai daure, biyu zai daure, ta uku ya naɗe tamfol ɗinsa. Mai saye a birni shi ma ya san akwai ƙasa a cikin buhu, don haka ya rage wa kowa farashi tun kafin ya kwance bakinsa. Haka ake wayar gari gari guda ya yi suna da algus, alhali da yawa daga cikinsu kasuwa ce ta koya musu.

Abin takaicin shi ne ba baƙon abu ba ne a wajenmu a tantance amfanin gona a ba shi daraja. Ka tambayi duk dattijon da ya noma auduga a ƙasar Gusau, zai ba ka labarin fuloti: yadda ake kai auduga, malamin duba ya buɗe ta, ya raba ta lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, kowace da kuɗinta. Tsarin yana da ƙazantarsa. Turawa sun kafa shi ne don masaƙun Ingila, hukumomin sayen amfanin gona sun riƙa danne farashin manomi suna tara rarar, kuma dattawan za su gaya maka cewa wani lokaci goro kan mayar da lamba biyu ta zama ɗaya. Sai dai a 1986, da gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin nan a ƙarƙashin shirin SAP, an zubar da ruwan wankan har da tsarin tantancewar, ba a kafa wani abin kirki a gurbinsa ba. Audugar Nijeriya ta yi ƙaurin suna da datti da zaren buhun leda. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da aka hana Bature ci bai ɓace ba. Mu muka cinye shi, da ƙosai da alala.

Za a ce ai tsakuwa da maganin ƙwari ana iya auna su, amma daɗi fa? Wa zai ba daɗi maki? Kowa da bakinsa. Wannan hujja tana ba ni mamaki idan ta fito daga bakin Bahaushe, mutumin da tun 1986 yake tura ’ya’yansa musabaƙar Alƙur’ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami’ar Usmanu Danfodiyo ke shiryawa. Ba ina daidaita Littafin Allah da abin sha ba, Allah ya tsare. Tsarin alƙalancin nake nufi. Ana zaunar da alƙalai fiye da ɗaya, kowa da takardarsa. An raba makin tun farko: ga na hadda, ga na tajwidi, ga na kyawun murya da tsarin karatu. An san abin da kowane kuskure ke ragewa. Ana farawa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Kyawun murya ma ai kowa da kunnensa, amma ba mu ce don haka a bar yaran kowa ya ce nasa ya fi ba. Mun yarda cewa kunnen da aka horar, idan aka haɗa shi da wasu kunnuwan aka ɗaure su da ƙa’ida a rubuce, hukuncinsa ya fi son rai. Harshe ma ana horar da shi. Mai neman shaidar alƙalancin gahawa ana ajiye masa kofi uku, biyu iri ɗaya ɗaya daban, a ce ya nuna baƙon, a maimaita sau da yawa. Wanda ke cika baki kawai a nan yake faɗuwa.

Yanzu ga aibun, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, harshen da ake shari’ar da shi na mai saye ne. Taswirar ɗanɗano da aka sabunta a 2016, wadda alƙalai ke ɗauko kalmomi daga cikinta, cike take da ’ya’yan itatuwan ƙasashen sanyi da kayan kantin Amurka, waɗanda manomin Sidama ko na tsaunin Mambila a Taraba, inda mu ma muke da tamu gahawar, bai taɓa sa su a baki ba. Ana yabon gumin mutum da kalmar da ba zai iya gaskatawa ko ƙaryatawa ba. Kwas ɗin zama alƙali kuɗi ne masu yawa a daloli, don haka ɗan manomi ba ya kusantarsa sai wata ƙungiya ta ɗauki nauyinsa. Na biyu, lambar tana nuna ƙwarewar da ta fi ƙarfin harshen ɗan Adam. Tsakanin 86.75 da 87 babu wani bambanci da baki zai rantse a kai, amma a gasar da aka sa 87 ta zama iyaka, wannan rubu’in shi ne tsakanin gwanjon duniya da komawa gida. Na uku, dala 185 ɗin nan ta ’yan buhuna kaɗan ce. Manoman gahawa a Habasha miliyoyi ne, kuma mafi yawansu ba su taɓa jin sunan gasar ba.

Na yarda da duk ukun. Abin da ya hana su karya mini hujja shi ne su masu tsarin da kansu suke wannan muhawarar a bainar jama’a, saboda ƙa’idar a rubuce take, kowa na iya kama ta ya ce ga inda ta karkace. A 2024 ƙungiyar SCA ta maye gurbin tsohuwar takardar makinta ta 2004 da sabon tsari wanda ya raba bayanin abin da ke cikin kofi daga ra’ayin alƙali game da ko ya yi masa daɗi, wanda amincewa ce a fili cewa lamba ɗaya ta daɗe tana cakuɗa abu biyu. Wa zai ɗaukaka ƙara a kan taɓe bakin dillali? A wace takarda aka rubuta shi?

Aibi na farkon ma, a ganina, kira ne gare mu. Idan matsalar ita ce kalmomin baƙi ne, to namu fa? Bahaushe ba matalaucin harshe ba ne a kan ɗanɗano. Muna bambanta tsamin tsamiya da na zoborodo da na nono. Muna da bauri, da ɗaci, da garɗi, da maƙaƙi, da galmi, da zaƙin goruba wanda ba na rake ba ne, da na ɗinya da na kanya. Ka zauna da tsohon fatake mai goro ka ji yadda yake raba ɗan Gwanja da saura, daushe da sabo, marsa da minu, da ɓantara ɗaya. Ka dubi yadda tsohuwa ke shinshina daddawa ta gaya maka ko ta kalwa ce zalla ko an surka ta da waken suya, ko yadda mai sayen zuma ke gane wadda aka haɗa da sukari. Waɗannan alƙalai ne cikakku. Abin da ba mu yi ba shi ne mu tara su biyar a ɗaki ɗaya, mu ɓoye musu sunan mai kaya, mu rubuta abin da suka yanke. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman goro a duniya, muna da cibiyar bincike ta CRIN a Ibadan wadda goro da gahawa da shayi duk suna cikin aikinta, amma manomin goro da mai cin sa har yau amana da sa’a ce ke haɗa su. Ko a Argungu, inda muke da gasar da duniya ta sani, sikeli ne ke yanke hukunci: kifin da ya fi nauyi shi ya ci. Mun iya girmama yawa. Kyau ne muka bar wa baki.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma na san tana ran duk ɗan yankinmu da ke karanta wannan: ana ga yaƙi kana ga ƙura. Mutumin da sai ya biya ’yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, wanda ƙauyensa ya watse ya koma zaman gudun hijira a Anka, ina shi ina gasar ɗanɗano? Ba ni da amsar da za ta sa wannan ya yi sauƙi, kuma takardar maki ba ta tare harsashi. Amma ka lura da abin da rashin tsaro ya yi wa noma: ya rage fili. Wanda a da yake noma gonaki uku a daji, yanzu ta bakin gari kawai ta rage masa. Ba zai iya ƙara yawa ba. Hanya guda da ta rage masa ta ƙara samu daga wannan ’yar gonar ita ce a biya shi kuɗin kyawun abin da ya fitar, kuma ita ce hanyar da kasuwarmu ta toshe.

Mu mutanen Dareta kuma bai kamata a yi mana dogon bayani a kan awo ba. A 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a Dareta da ’Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ido bai ga komai a cikin ƙurar dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jini aka kai ɗakin gwaji, aka zo da na’ura aka auna ƙasa, sannan aka san gubar dalma ce. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Wani abin lura kuma, zinariyar nan da ta janye samarinmu daga gona ita ce kaɗai hajar yankin da ake auna ta da giram, a gwada tsarkinta, a biya mai ita gwargwadon abin da gwajin ya nuna. Ba wanda ke sayar da zinariya da tiya. Saurayi yana ganin wannan bambanci ko bai iya faɗarsa ba.

Abin da nake kira a yi bai kai a jira Abuja ba, kuma ina roƙon kada a mayar da shi bikin da za a yi wa rumfa da anko. Bayan kaka, a Gummi ko Anka, ƙungiyar manoma ta zaɓi haja ɗaya, a ce shinkafar gida ko zuma ko riɗi. Kowane manomi ya kawo tiya biyu. A zuba a kwanuka iri ɗaya, a liƙa lamba. Alƙalai biyar ko bakwai, kuma lallai da mata a cikinsu, domin su ne suka san shinkafar da ke caɓewa da wadda ke warwarewa, da wadda ke cin ruwa ta yi auki. A dafa kowace da ruwa daidai, a tukunya iri ɗaya, ba mai ba yaji. A rubuta guraben makin da Hausa, a karanta su a kasuwa mako guda kafin ranar. A gayyato manyan ’yan kasuwa daga Gusau da Sakkwato da Kano su yi tayin buhunan waɗanda suka zo na gaba a gaban kowa, domin gasar da ba ciniki a bayanta kofin roba ce kawai da hoto. Wanda bai ci ba a ba shi takardarsa ya ga inda ya rasa maki.

Wuri ɗaya ne abin zai iya mutuwa, kuma a nan za a fi kai hari: hannun da ke riƙe da takardar da ta haɗa lamba da suna. Idan aka ba ɗan siyasa ko na kusa da shi, kafin a dafa tukunyar farko an san wanda ya ci. Da na kai wa kawuna wannan shawarar, ya yi shiru, sannan ya ce a ba limamin Juma’a da shugaban makarantar firamare, kowa ya riƙe rabi. Ya kuma ce in har za a yi bana, in sanar da shi kafin ya yanke riɗinsa, don tamfol ɗin yana nan a rumbu.